Rasuwar Allon Zauren Orval Pruitt

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta har baki, Delmar Kessinger, tsohon ma'aikacin lantarki na garin Tolliver a jihar Indiana, yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa tsayawa a layin tikiti ƙafafunsa suna daskarewa, rasuwar allon fitilu da ke saman ƙofar zauren ƙwallon kwando na Kwalejin Tolliver, mai ɗauke da sunan ORVAL PRUITT. Marigayin ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara sittin da takwas a duniya, bayan jinyar da ta ɗauki kusan shekara guda. Babu wani nasa a kusa da shi lokacin da rai ya yi halinsa. Wannan magana ta ƙarshe Delmar ya ce lallai a rubuta ta ba tare da an saya ba, domin shi ya kamata ya kasance a wurin, kuma bai je ba.

An haifi marigayin a rumfar wani maƙeri da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Tsawonsa ya kai na motar bas, jikinsa baƙin ƙarfe, fuskarsa gilashi, a cikinsa kuma gurbin ƙwan fitila ɗari bakwai da ashirin, an jera su sun ba da haruffa goma sha ɗaya. Mutumin da aka sa masa sunansa ba attajiri ba ne, ba kuma gwanin wasa ba. Orval Pruitt manomin masara ne wanda ya ga yaran kwaleji suna buga ƙwallo a kan daɓen siminti suna kurje gwiwa, ya koma gida ya rushe babban rumbunsa na katako inda shanunsa ke kwana, ya ɗebo katakon a keken doki aka shimfiɗa musu fili. An ce sau ɗaya tak ya gwada jefa ƙwallo a kwando, ya fasa taga, bai ƙara ba. A shekarar shanunsa a waje suka ci hunturu, matarsa kuma ta yi wata biyu ba ta yi masa magana ba.

Marigayin ya kasance mai haƙuri, kuma duk wanda ya zauna da ƙungiyar Tolliver shekara sittin da takwas ya san me ake nufi da haƙuri. Ba ta taɓa ɗauko kofin jiha ba. Sau biyu ta kai bakin ƙofa aka dawo da ita. Amma ranar da aka ci mu da tazarar maki arba'in, hasken allon bai ragu ba, ranar da muka yi sa'a muka ci kuma bai ƙaru ba. Ba ya son bayyana kansa ba dalili, sai ranar da za a yi wasa a gida ake kunna shi, daga faɗuwar rana zuwa tashin 'yan kallo, shi ya sa ƙwai ɗaya a jikinsa yakan fi auren wasu daɗewa. Ba shi da yawan magana. In Delmar ya ɗaga makunnin sai akwatin wutar ya ce *gum*, daga nan sai *zzzzzz* a hankali, ya riƙe wannan har a tashi. In iskar hunturu ta taso gilashinsa yakan ce *kar-kar-kar*, in an kashe shi kuma ƙarfen yana hucewa yakan ce *ƙyas, ƙyas*. Iyakar abin da aka taɓa ji daga bakinsa ke nan, bai taɓa tallata wa kowa komai ba.

Babbar amanar da marigayin ya riƙe ita ce ta matattun garin. Lokacin da ciwon ajali ya kwantar da Orval, ya sa aka kawo masa ƙwan fitila da baƙin fensir mai maiƙo, ya rubuta sunansa a wuyan ƙwan da hannunsa, ya ce in ya tafi a ɗaura shi a allon don kada wasa ya wuce shi. Aka yi dariya, aka kuma cika masa. Tun daga nan ya zama al'ada. Duk wani masoyin ƙungiyar, in ya ga furfura ta fara leƙowa, sai ya sayi ƙwai ya rubuta sunansa da kansa, ya ajiye. Ranar wasan farko bayan an binne shi, iyalinsa su tsaya a ƙasa, mai kula da allo ya hau tsani, ya buɗe gilashin, ya cire ƙwai marar suna ya ɗaura nasa. Ba a yin wa'azi, ba a yin jawabi, hula kawai ake cirewa. Kawun Delmar ne ya fara wannan aiki, Delmar ya gaje shi ya yi shekara arba'in da huɗu yana yi ba a biyansa ko sisi. Ba a taɓa rubuta wa ke wane gurbi a takarda ba, domin Delmar ya san su duka a ka, kuma ai sunan kowa yana wuyansa.

A cikinsu akwai Nadine, matar Delmar, wadda ta rasu shekara tara da suka wuce. Ta rubuta nata a kan teburin kicin wata Lahadi, hannunta duk gari, ta fara da manyan haruffa wuri ya ƙare mata, ƙarshen sunan ya lanƙwasa ya yi ƙasa. Delmar ya ce ta kawo ya gyara. Ta maƙe ƙwan a ƙirji.

"Gyara naka," in ji ta. "Kuma ka ji ni da kyau, ɗan tsoho. Ka sa ni ƙasa-ƙasa inda zan riƙa ganin masu shigowa da abin da suka sa. Kada ka kai ni can sama inda ba gulma."

Da lokaci ya yi, ya sa ta a ƙafar harafin R na biyu, daidai saman ƙofar shiga. Gurbin da ke kusa da ita ya bar masa ƙwai marar suna, ya hana kowa. Mutum uku suka nema wa iyayensu wurin, ya ce musu an kama. Nasa ƙwan yana cikin safa a aljihun durowa, da sunansa a jiki, yana jiran rana. Wasiƙun Nadine sun tafi a ambaliyar da ta cika ɗakin ƙasa na gidansu, don haka rubutun hannunta da ya rage a duniya shi ne na wuyan wannan ƙwai. Delmar ba ya neman gida a birni, ba ya neman ganin kofi kafin ya mutu, ya ma daina sa rai da wannan tuntuni. Burinsa ɗaya ne, a ɗaura shi kusa da ita su yi ta haska ƙofa tare.

Ciwon ajali bai faro daga jikin marigayin ba, daga rufin zauren ya faro. Rufin ya tsufa ya fara yoyo, har ta kai ana jera bokitai a gefen fili, baƙin da suka zo wasa suna yi mana waƙar a ba su laima. Kwaleji ta ce ba ta da halin gyara. Ana nan sai wani kamfanin katifa mai suna Dorvane, daga wata jiha mai nisa, ya ce zai yi rufi, ya sa kujeru masu taushi, ya kuma kafa ƙaton allon talabijin a saman ƙofa, in an ba shi sunan zauren na shekara ashirin. Shugaban kwaleji, wanda bai cika shekara uku a garin ba, ya sa hannu kafin kofinsa ya huce. Kowa ya ci ladan kuturu kuwa dole ya yi masa aski.

Amma shugaban mutum ne mai ladabi, bai so a ce ya yanka ba shawara. Sai aka aika wa duk mai tikitin shekara takarda, an rubuta cewa ra'ayin magoya baya shi ne komai, a zaɓi ɗaya cikin suna uku: Zauren Dorvane, ko Dandalin Dorvane, ko Gidan Wasa na Dorvane. Babu akwati na huɗu.

A gidan abincin Wanda Faye Stroud aka yi jinyar marigayin, domin nan ne majalisar garin. Ita Wanda bazawara ce mai shekara saba'in, mai murya kamar ƙahon tashi daga wasa, mijinta da ƙaninta duk suna cikin harafin V. Ita ta fara karanta takardar da ƙarfi, tulun kofi a ɗaya hannun.

"Katifa!" ta ce. "Yaran da dama barci suke yi da an dawo daga hutun rabin lokaci, yanzu kuma an kawo musu shimfiɗa. Saura bargo."

Burl Tackett, abokin Delmar tun suna makarantar firamare, tsohon direban motar madara, shi ne ya ɗauki ɗaya gefen.

"Ke Wanda, suna ba ya tare ruwan sama. Jikana ya zame a filin nan bara, har yau gwiwarsa ba ta koma daidai ba. Orval da kansa in ya tashi zai ce a sayar. Mutumin da ya rushe rumbunsa don yara, allo ne zai tsaya yi wa kuka?"

"Orval kyauta ya yi, tsohon banza, bai ce a rubuta farashin masararsa a bango ba."

"To ke ki yi mana rufin mana. Da me? Da wannan kofin naki mai kama da ruwan wanki?"

"Shekara talatin kana shan sa, ban ga ka mutu ba. Abin takaicin ke nan."

Haka aka yi ta yi har dusar ƙanƙara ta narke. Wasu suka ce su Pruitt za su ci gaba da cewa ko da an rubuta sunan shaiɗan a ƙofa. Wasu suka ce haka mutanen garin gaba suka faɗa a kan nasu zauren, ga shi yau jikokinsu ba su san tsohon sunan ba. Ɗalibai da aka tambaya suka ce su dai a gyara banɗaki. Delmar bai shiga gardamar ba, yana zaune a kujerarsa ta ƙarshen kanta yana juya cokali. Da Burl ya matsa masa ya faɗi nasa ra'ayin, sai ya ce:

"Ni su kira shi duk abin da suka ga dama. Mutanen da ke cikin allon fa, ina za su?"

Duk surutun da ake yi ba wanda ya kai nan. Delmar ya rubuta wa kwaleji wasiƙa yana roƙon a bar tsohon allon ko a gefen bango ne. Aka amsa masa cewa yarjejeniya ba ta yarda da wani suna a jikin ginin ba, amma an gode da ƙaunarsa, kuma an yi alkawari za a maido masa da ƙwayayen duka lafiya lau.

A nan halinmu ya ci mu. Mutumin Tolliver ba ya iya ganin gardama ya wuce bai kama gefe ba. Da aka fara cewa "Dandali" ya fi muni, sai waɗanda suka rantse ba za su taɓa takardar ba suka ɗauki biro don kada mafi munin ya ci. Masu "Gidan Wasa" suka fusata su ma suka cike tasu. Waɗanda suka rubuta sunan Orval da hannu a ƙasan takarda, aka ce ƙuri'unsu sun lalace. A watan huɗu shugaban kwaleji ya tsaya gaban 'yan jarida yana murmushi, ya ce magoya baya sun yi magana da babbar murya, sun zaɓi Zauren Dorvane. Kuma ba ƙarya ya yi ba, abin da ya fi ciwo ke nan. Daga wannan rana likita ya cire rai.

Mu a Tolliver muna da hanyarmu ta nuna fushi, kuma muna alfahari da ita. In alƙalin wasa ya yi mana rashin gaskiya ba ma jifa, ba ma ashar. Duk zauren ne yake miƙewa ya juya wa fili baya, a yi shiru, har sai kunya ta kama alƙalin. Kakanninmu suka fara, kuma an ce ta taɓa sa wani alƙali ya ajiye usur ya koma sayar da inshora. Da aka sanar cewa ranar Talata za a sauke allon, Wanda ta buga cokali a jikin tulu ta ce garin duka zai juya baya. Kada ƙafar kowa ta taka harabar kwaleji, su sauke shi su kaɗai kamar ɓarayi.

Delmar bai so ba. Ya same ta a bayan kanta ya yi ƙasa da murya.

"Wanda, bari in je Litinin in cire su da hannuna. In jera su yadda suke, kowa da maƙwabcinsa."

"Ka je ka taya su aiki ke nan? Wallahi kana hawa tsanin nan za su ɗauki hotonka su buga a jarida, su ce ga mai allon ma ya yarda. Ka ba su wannan, Delmar?"

"Nadine na ciki."

"Nawa mijin a ina yake, a aljihuna? Ai sun rubuta maka za su dawo da su. Kowa da sunansa a wuya, me zai ɓata? Ka zauna da mu, ɗan'uwa. Rana ɗaya ce."

Ya zauna. Yana so a san cewa ba ya ganin laifin Wanda, domin shi ma a ransa ya ji daɗin a ce ya juya wa kwaleji baya sau ɗaya a rayuwarsa. Ranar Talata mutum fiye da arba'in suka cika gidan abincin, wanda tagarsa ke kallon zauren daga tsallaken titi, kowa ya juya kujerarsa ya fuskanci bango. Har Burl ya zo, ya ce shi bai canza ra'ayi ba amma ba zai bar abokinsa ya zauna shi kaɗai ba. Suka ji mota mai ƙugiya ta iso. Suka ji muryoyin ma'aikatan da aka ɗauko daga wata jiha, waɗanda ba su taɓa jin sunan Orval ba. Can sai suka ji *kar-kar-kar*, alhali ba iska a ranar. Wuyan Delmar ya fara juyawa da kansa, Wanda ta dafa masa kafaɗa, ya mayar da ido kan bango. Da ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna ƙarar ta ɗauke. Ba wanda ya ji kunya a tsallaken titi, domin ba wanda ya ma lura an juya masa baya.

Ranar Juma'a da rana wata budurwa ta yi sallama a gidan Delmar, Wanda da Burl suna nan sun zo duba shi. Ta ce sunanta Kendra Albright, ita kamfanin ya wakilta a kan aikin. Yarinya ce mai fara'a da ladabi, ta ma cire takalmi a bakin ƙofa ba a ce ta cire ba. Aka shigo da akwatuna goma sha biyu aka jera a falo.

"Baba, an gaya mini ƙwayayen nan suna da daraja a wurinku," ta ce. "Da na ga yadda suka yi baƙi ƙirin, ƙura da yanar gizo da maiƙo duk sun daskare a wuyansu, sai na ce ba zan kawo wa dattijo kaya haka ba. Na sa an jiƙa su a ruwan magani an wanke su tas. An gwada su ɗaya bayan ɗaya, duka suna kamawa, ko ɗaya bai fashe ba. Ni da kaina na naɗe su."

Delmar ya durƙusa ya buɗe akwatin farko. Kowane ƙwai an naɗe shi da farar takarda mai laushi. Ya warware ɗaya, ya juya wuyansa wajen taga. Fes. Ya warware na biyu, da na uku, ya tsallaka akwati na biyar ya zaro daga ƙasa. Duka suna sheƙi kamar yau aka sayo su. Mutum ɗari biyar da tamanin da uku, da Orval, da mijin Wanda, da Nadine da sunanta mai lanƙwasa, an cakuɗa su da marasa suna, har da wanda ya yi shekara tara yana tsare wa Delmar wuri.

Wanda ta buɗe baki, kuma duk wanda ya san ta ya san abin da ke shirin fitowa. Delmar ya ɗaga mata hannu. Ya miƙe da ƙyar yana dafa kujera.

"Kin sha aiki, 'yata," ya ce. "Na gode. Allah ya yi miki albarka."

Yarinyar ta tafi tana murna, har ta ɗago musu hannu daga mota. Wanda ta zauna a kan akwati na bakwai ta rufe fuska da gyalenta. Burl ya ce da ya sani da ya je ya tsaya a wurin, ko ba komai shi ai ba ya cikin masu fushi. Wa za a zaga? Yarinyar alheri ta yi niyya. Ma'aikatan ba wanda ya gaya musu. Mutum ɗaya ne a duniya da zai tsaya a gindin tsani ya ce kada a taɓa wuyan nan, shi kuma yana tsallaken titi yana kallon bango. Delmar ya yi kwana uku da gilashin ƙara girma a bakin taga yana bin su ɗaya-ɗaya, ko zai ga ɗan saura. Maganin mai kyau ne, bai bar komai ba.

Marigayin ya rasu ya bar ƙwai ɗari bakwai da ashirin, marayu, ba a san ɗan wa da ɗan wa ba. Ya bar tsani guda na katako mai taka goma sha takwas, wanda ba shi da sauran wurin jingina. Ya bar mabuɗin akwatin wuta a aljihun Delmar, akwatin kuwa an riga an cire shi. Ya bar inuwar haruffansa a jikin bulo, inda rana ba ta taɓa ci ba, ana iya karanta ta daga titi har zuwa mako mai zuwa da za a rufe ta da sabon allo. Ya bar ƙungiyar da ba ta ci wasa ba tun watan ɗaya, da rufin da har yanzu yake yoyo, domin an ce sai an gama allon talabijin za a waiwaye shi. Ya kuma bar ƙwayaye masu yawa a durowoyin gidajen garin, kowanne da suna a wuya da rubutun mai shi, ba su da inda za a ɗaura su. A yau a Tolliver rayayyu ne kaɗai ke da suna a jikin ƙwai.

Iyalan marigayin suna godiya ga waɗanda suka aiko da abinci da waɗanda suka buga waya. Suna roƙon a daina gaya wa Delmar cewa ai suna yana cikin zuciya, ya ji, ya gode, ba abin da ya rasa ke nan ba. Suna kuma roƙon kada wanda ya gaya wa Kendra Albright abin da ya faru. Delmar ya ce mutum ɗaya da ba ya iya barci ya isa.

Ba za a ga gawa ba, domin an riga an kai ƙarfen wurin masu sayen tsofaffin ƙarafa tun ranar Laraba. Za a yi zaman makoki ranar Asabar mai zuwa daga ƙarfe biyu na rana, a ɗakin taro na ƙasan cocin da ke titin tasha. Fasto zai yi gajeriyar addu'a, an roƙe shi ta zama gajeriya da gaske. Wanda za ta kawo wake da burodin masara, kowa ya zo da cokalinsa. Ba a buƙatar furanni. Mutumin da ya zaɓi "Dandali" da wanda ya zaɓi "Gidan Wasa" duk ana gayyatarsu, ba za a tambayi kowa abin da ya cike ba.

Za a jera akwatunan a kan dogon tebur. Kowane gida da ke da mamaci a allon zai zo ya ɗauki ƙwai ɗaya, ba zaɓe, ba ɗagawa wajen haske. Bayan su sai sauran jama'a, da ɗalibai, da duk mai wucewa, a yi ta ɗauka har sai saura guda ɗaya tak. Wannan na ƙarshen na Delmar ne. Ya ce a shekara arba'in da ɗaya da suka yi tare, Nadine ba ta taɓa fita daga zauren nan ba sai kowa ya watse. Takan tsaya a bakin ƙofa tana sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya, shi yana gefe yana kaɗa mabuɗin mota, sai mai shara ya fara kashe fitilu sannan ta ce mu je. Burl ya tambaye shi, in ba ita ba ce fa? Delmar ya ce shi ma ya san da wuya a dace, amma ba shi da wata hanyar da ta fi wannan.

Za a rufe ƙofar coci da ƙarfe biyar. Ana roƙon duk wanda ya ɗauki nasa ya wuce gida, kada kowa ya tsaya taya shi jira.